Shekarar da Na Sa Wani Ya Hau Dabinonmu

Saura shekara huɗu in ajiye aiki zama ya fara gagarata. Ina ofis a sakatariya, fayil a gabana, amma hankalina yana can kan ranar da za a ce mini an gode, in koma ƙofar gida ina korar awakin maƙwabta. Na ga waɗanda suka riga ni. Jiya mutum yana darakta ana buɗe masa ƙofar mota, yau ka same shi a bakin masallaci tun ladan bai iso ba, ba don tsananin ibada ba, don dai ba shi da wurin zuwa. Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa. Ko shayi aka miƙo mini ba na iya jira ya huce, harshena ya sha ƙuna ba adadi. Na san in na zauna haka ba sana'a, ko in haukata mutanen gidana ko su haukata ni.

Na yi tunanin kiwon kaji, na yi tunanin shagon siminti, har adaidaita sahu na yi niyyar saye in ba wani ya riƙa ja. Kowanne sai in ɗauke shi da zafi kwana uku, in watsar. Matata har ta daina tambayata idan na shigo na ce na samo dabara, sai dai ta ce Allah ya sa a dace, ta ci gaba da tankaɗenta. Dabino ne ya zauna mini a rai, shi ma ina jin don kullum ina wuce shi ne. Duk wanda ya tashi a Dutse ya san dogayen itatuwan nan da ke tsaye tsakanin duwatsu da bayan gari, wasu sun girmi iyayenmu. Sai na ji labarin wani dattijo a wani ƙauye kan hanyar Kiyawa, yana da gonar dabino mai itace ashirin da 'yan kai, ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa duk sun koma birni. Ya yarda ya ba da ita haya na wasu shekaru, wanda ya karɓa ya kula da itatuwan, abin da suka haifa ya zama nasa.

Matsalar ɗaya ce, ni ban iya hawa ba. Ko tsani na taka zuwa saman ɗaki sai an riƙe mini shi, ga tumbin shekara talatin na zaman kujera. Dabino kuwa ba a nomansa daga ƙasa. Akwai mace akwai namiji, kuma in ka bar wa iska aikin haɗa su, ka yi asara. Lokacin sanyi macen takan fito da kwanso, in ya tsage furen ya bayyana, sai mai hawa ya hau da silin furen namiji biyu ko uku, ya cusa a tsakiya, ya ɗaure da ganyen dabinon. Shi ne barbara. Kwanakin da furen ke karɓa kaɗan ne, uku ko huɗu, in an yi sa'a a ɗan ɗara. In suka wuce, 'ya'yan za su fito, amma ƙanana, uku-uku a manne, ba ƙwallo a ciki, ba zaƙi, sai dai a zuba wa awaki. Kuma itatuwan ba sa tsagewa rana ɗaya, yau wannan, jibi wancan, sai mutum ya yi ta zirga-zirga kusan wata biyu.

Ban ɓata lokaci wajen neman abokin tarayya ba, don ina da shi a gida. Ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni da shekara biyu. Tare muka yi ƙuruciya a gidan kakarmu, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. Ni aka sa ni boko, shi ya bi mahaifinsa gona ya gaji hawan dabino, har ya zama in ana maganar masu hannu mai kyau a yankin nan da shi ake farawa. Tun da na fara aiki bai ƙara kirana da sunana ba, sai Akawu. Ko a gaban manyan ofis ya gan ni, sai ya ɗaga murya, «Akawu, yau fayil nawa aka kwantar?» Ni kuma in ce da shi Sarkin Zumunci, don babu jana'iza, babu suna, babu rikicin gado ko na miji da mata da za a yi a unguwarsu ba a aika masa ba. Lokacin ciwon ajalin mahaifina ina wajen kwas a Kaduna, shi ya yi jinyar, shi ya riƙa ɗaga shi yana kwantarwa. Har yau ban san da bakin da zan gode masa ba.

Da na gaya wa matata, sai ta ajiye rariya, abin da ba ta saba ba.

«Malam, Yaya mutumin kirki ne, wannan kowa ya sani,» ta ce. «Amma ka taɓa aikensa ya dawo a ranar?»

Na ji haushi. Na ce mata amana ake nema a wajen abokin sana'a, kuma duk Jigawa babu wanda zan ba amanata in juya baya sama da shi. Ta ce haka ne, ta ɗauki rariyarta. Gaskiya na faɗa, har gobe ban taɓa kama shi da cin ko ƙwaya ɗaya da ba tasa ba. Sai dai ba tambayar da ta yi mini na amsa ba.

Muka shirya a bisa cewa ni ne da haya da taki da ɗaukar kaya zuwa kasuwa, shi ne da hawa da duk abin da ya shafi saman itace, in an girbe a raba biyu. Babu takarda, babu shaida, fatiha kawai muka shafa a gaban dattijon mai gona.

Shekarar farko ta yi mini daɗi ƙwarai. Duk Asabar da Lahadi ina can tun da safe, na zama abin dariyar ƙauyen, mutum da takalmi sau-ciki yana zagaya gindin dabino yana ɗaga kai. Shi kuwa in ya kama itace sai ka ce a kan matakala yake, ba takalmi, wuƙa a ƙugu, yana sare ƙaya yana waƙe-waƙensa na bege. Daga can sama zai jefo mini busasshen reshe kusa da ƙafa, ya ce in rubuta a fayil cewa an gaishe ni. A ƙarshen gonar akwai namiji guda ɗaya, tsoho, wanda furensa ke da gari sosai, in an kakkaɓe sai ka ga hannu ya yi fari. Ya ce mini irin wannan namijin ba ko'ina ake samu ba, shi ne rabin arzikin gonar. A shekarar an makara da itace uku ko huɗu, na lura, amma sauran sun yi kyau har na manta. Ranar da muka kai kayan farko kasuwar Shuwarin, a bayan motar na zauna tare da buhunan don murna.

A shekara ta biyu na fara gane inda na sa kaina. A wajen masu dabino ba a sayar da furen namiji, ba a kuma hana shi. Wanda duk ya zo ya ce a sam masa, sai a ba shi, abin kunya ne a ce wane ya hana fure. Wannan na sani kuma ban ƙi ba. Sai dai mutane kan ba da abin da ya ragu ne bayan sun gama da nasu. Ɗan'uwana shi daga farko yake bayarwa. Labarin namijinmu ya bazu, mutane suka riƙa zuwa a kan mashin daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa ya tafi da ƙunshinsa. Wanda ya karɓi fure kuma sai ya tuna cewa mai hawansa ba shi da lafiya, ko gwauruwa ce mai itace biyu da ta gada, ko tsoho ne da ba shi da kowa. Ɗan'uwana ya saɓa igiyarsa ya bi su.

Ina ofis zan kira shi. «Yaya, na baya-bayan nan guda biyar sun tsage tun shekaranjiya fa.»

«Na gani, Akawu. Bari in sallami baiwar Allahn nan, ga ni nan.»

«Jiya ma haka ka ce.»

«To ai namu ne, ba inda za shi. Na mutane shi ne abin ji.»

Wannan magana ta «namu ne» ta fi komai tayar mini da hankali, don na san har zuciyarsa yake faɗa. A wajensa abin da yake naka shi ne ake bari ƙarshe, kamar yadda mai gida ke cin abin da baƙi suka rage. Ni kuma a wajena wannan gonar ita ce abin da zan dogara da shi in albashi ya tsaya. In na ajiye waya sai in kasa zama, in fita baranda, in dawo, in buɗe fayil in rufe. Wata rana har mai share ofishinmu, wata mata 'yar Filato mai yawan tausayi, ta tambaye ni ko wani ne ba lafiya a gida. Na ce mata dabino ne. Ta dube ni, ta ci gaba da shara.

A shekarar kusan rabin itatuwan ƙananan 'ya'yan nan suka yi. Na tsaya ina kallon nonon dabino, wato damin 'ya'yan, a rataye, manya a ido, ba abin da za a ci a jiki. Shi ma abin ya dame shi, na ga haka a fuskarsa, ya ce laifinsa ne, baɗi in Allah ya kai mu da namu za a fara. Na san ba ƙarya yake yi ba, na kuma san ba zai iya ba.

A nan ya kamata in tsaya. Na ma yi niyya. Na shirya maganar tsaf, na maimaita ta a mota tun daga gida har ƙofar gidansa: Yaya, halinmu bai zo ɗaya ba a wannan harka, mu rabu da ita tun muna dariya, ka riƙe rabin itatuwan in riƙe rabi, ko ka bar mini in nemi mai hawa na haya. Magana ce da ba ta fi numfashi uku ba. Na tarar da zaurensa cike, ana sasanta wasu 'yan'uwa biyu kan iyakar gona. Na jira. Da aka watse ya sa aka kawo mana dambu, ya zauna yana ba ni labarin yadda muka taɓa satar mangwaron liman aka kama ni ni kaɗai saboda na tsaya ɗaukar hulata. Muka yi dariya har da hawaye. Na dubi hannunsa da ƙayar dabino ta gama zanawa, hannun da ya riƙa ɗaga mahaifina, maganar ta maƙale. Da ya rako ni mota ya ce, «Akawu, lafiya dai ka zo?» Na ce lafiya lau, gaisuwa ce kawai.

Na dawo gida ina ta faɗa da kowa. Matata ta bari sai da na huce, sannan ta ce, «Ka faɗa masa?» Na ce ba a samu sarari ba. Ta ce, «Uhm.» Daga nan har shekara ta zagayo, kusan duk wata sai na ɗaura niyyar komawa, kullum kuma da dalilin fasawa. Yau azumi ya kusa, gobe matarsa ta haihu, jibi ai bai kamata a yi irin wannan magana ana cikin damina ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ina tsoron a ce ɗan boko ya samu wuri ya kori ɗan'uwansa, ina kuma tsoron yadda zai dube ni.

Shekara ta uku sanyi ya zo da wuri, itatuwan suka riƙa tsagewa kusan a tare. Ya fara da namu kamar yadda ya yi alkawari, ya yi guda shida a kwana biyu, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Ran nan sai maƙwabcinsa ya yanke jiki ya faɗi, aka ce sai an kai shi wajen danginsa a Ringim, kuma ba mai raka shi sai Sarkin Zumunci. Ya kira ni daga tasha ya ce kwana ɗaya zai yi. Washegari itace goma sha ɗaya suka buɗe. Na ɗauki hutun kwana uku a ofis na tare a gonar, ban san ma me zan yi a can ba.

Rana ta farko na kira shi sau bakwai. Ya ce jikin ya yi tsanani, ba zai iya barin mutum a haka ba, amma gobe da sassafe yana hanya. Rana ta biyu ya ce an samu saɓani tsakanin dangin kan inda za a kai mara lafiyan, yana ƙoƙarin haɗa kansu. Na zagaya gonar nan har sawuna ya yi hanya. In zauna a kan dutse, in tashi, in je gindin wannan in ɗaga kai, in koma wancan. Furen da ya fito fari tas na ga ya fara sauya launi. Na je wajen namijin, na tarar saura kwanso ɗaya a sama, sauran duk an rabar tun kafin ya tafi. Da rana ta take har na tuɓe takalmi na kama itace mafi gajarta. Taku huɗu na yi, ƙaya ta shige mini tafin hannu, na zamo ƙasa na yage riga. Allah ya sa ba wanda ya gani sai wata akuya.

A rana ta uku da hantsi na shiga mota na tafi ƙauyen da ke gabas da namu, inda aka ce akwai wani mai hawa. Na same shi yana gyaran shinge, magidanci ne mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Na faɗa masa buƙatata. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

«Alhaji, ai gonar nan a hannun ɗan'uwanka take. Ya san ka zo?»

Na san abin da yake nufi. Masu hawa ba sa hawan itacen da ke hannun wani sai da izininsa. In aka ga wani a saman itacenka ba da yawunka ba, an gaya wa duniya ke nan cewa ka kasa, ko hannunka ba shi da albarka. Abin da ya dace in kira ɗan'uwana a gabansa in miƙa masa wayar, kuma na tabbata da zai ce a hau. Amma raina a ɓace yake, ba na son in sake jin «ga ni nan», ba na kuma son in roƙi izini a kan abin da nake ganin nawa ne. Sai na ji bakina ya ce, «Shi ya ce in zo in same ka.»

Bai ƙara tambaya ba. Ya shiga gida ya ɗauko igiyarsa da furen da ya shanya, muka taho. Kafin la'asar ta yi sanyi ya gama sha ɗayan nan. Ina tsaye ina kallo, maimakon in ji sanyi a raina sai ƙaryar da na yi ta tsaya mini a rai.

Washegari da safe ina gonar sai ga ɗan'uwana a bayan ɗan acaba, ko gida bai biya ba, rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, idanunsa sun yi ja. A hannunsa akwai ƙunshin takarda. Tun daga nesa ya ɗaga shi yana cewa, «Akawu, kwantar da hankalinka, na samo mana fure a hanya, wajen wani abokina, ya fi namu ma.» Ya zo gindin itacen farko yana naɗe hannun riga, ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Ya matsa na biyu, ya matsa na uku. Kowane mai hawa da irin ɗaurinsa, shi yakan naɗe ganyen sau biyu ya soke bakin a ciki, wancan kuwa ƙulli yake yi ya bar jela.

«Wannan hannun mutumin gabas ne,» ya ce.

Na ce eh. Na fara bayani, kwana uku, furen yana bushewa, na yi ta kira. Ya ɗaga mini hannu a hankali.

«Ya iya aiki. Za su kama, in sha Allahu.»

Ya tsaya yana juya ƙunshin takardar, kamar bai san inda zai ajiye shi ba. Can ya ce akwai wata tsohuwa a bayan masallacin ƙauyen da nata bai samu ba, bari ya kai mata. Na ce in kai shi a mota, ya ce a'a, kusa ne.

Bayan mako biyu mutumin gabas ya tare ni a kasuwa, ya ce ya haɗu da ɗan'uwana ya yi masa godiyar tura ni da ya yi. Na ce me ya ce? Ya ce cewa ya yi ba komai, ai shi ne da godiya da aka fitar da shi kunya. Wato a tsakiyar kasuwa ya ji ƙaryar da na yi da sunansa, ya karɓe ta ya rufa mini asiri, bai ko nuna a fuska ba. Da zagina ya yi a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Na shiga mota na zauna, na kasa tayar da ita.

Ɗan'uwana ya ci gaba da aikin har girbi, bai fasa komai ba. Ya rage nonon da ya yi yawa, ya ɗaure masu nauyi kada su karye, ya sauke kaya da hannunsa. Sai dai waƙar ta tsaya, ba a kuma ƙara jefo mini reshe ba. Ni kuma na kasa ba shi haƙuri, don in na ba shi sai na ambaci ƙaryar, shi kuwa ya riga ya binne ta. Haka muka yi wata huɗu muna aiki kafaɗa da kafaɗa, muna maganar buhu da mota.

Da aka gama rabo, wata Juma'a bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gidana. Na ce ya shigo ciki, ya ce nan zaure ma ya isa. Da, kai tsaye yake wucewa har madafa yana tsokanar matata wai miyarta ba gishiri.

«Alhaji,» ya ce, kuma wannan ne karo na farko da ya kira ni haka, «na zo ne kan maganar gonar nan. Ka riƙe ta kai kaɗai. Ni ba zan iya sauya halina ba, na gwada. Kai ma ba za ka iya sauya naka ba, kuma kana da gaskiya, dabino ba ya jira.»

Na ce, «Yaya, ni ne da laifi, ka yi haƙuri, abin da na gaya wa mutumin nan...»

«Wannan ya wuce.» Ya gyara zama, ya ci gaba. «Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Bara da ka zo gidana muka ci dambu, na ga maganar a bakinka. Har mota na raka ka don ka faɗa. Da ka faɗa a ranar, wallahi da dariya za mu yi, in ce Akawu ya kore ni daga aiki ba takardar sallama. Me ya sa ka koma da ita?»

Na ce kunyarsa na ji. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya tafi.

Na sha zama ina tunanin inda na kuskure. Wani lokaci in ce tun farko ne, da na ɗauka duk wanda ka yarda da shi ka iya sana'a da shi, ban tsaya na duba ko abin da ke hana ni zama shi ma yana hana shi ba. Wani lokaci in ce a'a, shiga ba laifi ba ce, mutane da yawa sun gwada sun ga bai yi ba sun fita lafiya. Shekara guda cur na samu ta fita da mutunci, na zauna a kanta ina jiran ranar da maganar za ta yi sauƙi. Har yanzu in na tuna da dambun nan sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai kaina.

Sanyin da ya biyo baya ya same ni na yi ritaya. Na shirya da mutumin gabas tun da wuri, ya fara aiki lafiya, sai a tsakiyar lokacin ya faɗo daga wani itace a ƙauyensu ya gurɗe ƙafa. Itace takwas suka tsage mini, ba mai hawa, kowa yana kan nasa. Na yi kwana guda ina zagaye da waya a hannu, in lalubo lambar ɗan'uwana in fasa. Daga ƙarshe ina gonar na kira shi. Na yi gaisuwa mai tsawo, na faɗi abin da ya faru, na ce in da hali, in ya samu sarari, ko jibi ne.

Ban kai ga komawa mota ba na ji ƙarar mashin. Ko awa ɗaya ba a yi ba. Ya sauka da igiyarsa, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya kama itacen farko. Wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a reshe, ta yi ta ƙara, na ji da ya sauko yana cewa da mai kiran, «Ku ɗan jira ni, ina aikin wani bawan Allah ne, namu ya bari sai anjima.» Bai huta ba sai da ya gama takwas ɗin.

Da ma matata ta ba ni fura a kwano na taho da ita. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na ce, «Yaya, zauna mu sha.»

«Alhamdu lillahi, Alhaji, a ƙoshe nake. In wani ya sake tsagewa a kira ni kawai, kada a ji komai.»

Ya naɗe igiyarsa ya hau mashin. Shekara uku ina neman ya fara da nawa kafin na kowa, ga shi yau ya yi, don na koma cikin mutanen da ba ya iya ce wa a'a. Na zauna a kan tabarmar ni kaɗai, kwanon a gabana da ludayi biyu.